Sada Manhajojin Intanet da Tsofaffin Kwamfutocin Kasuwanci

Sada manhajojin intanet da tsofaffin kwamfutocin kasuwanci fanni ne na ilmin kwamfuta, wanda maƙasudinsa shi ne samar da wasila tsakanin shafukan da jama'a ke buɗewa a wayoyinsu da manyan na'urorin da bankuna da kamfanonin inshora suka daɗe suna taskace bayanansu a ciki, ba tare da an rushe ginin magabata ba.

Asalin mas'alar kuwa, galibin waɗannan tsare-tsare an rubuta su ne da harshen COBOL, wanda aka ƙago a Amurka a 1959, suna kuma gudana a kan kwamfutocin IBM zuriyar System/360 ta 1964, waɗanda ke ajiye haruffa bisa ƙa'idar EBCDIC, alhali intanet da Unicode ta saba. Saboda haka tilas a sami tafinta a tsakani.

Wata daɗaɗɗiyar dabara ita ce manhaja ta kwaikwayi akawun da ke zaune gaban allon tsohuwar kwamfutar, samfurin 3270, mai layi 24 da gurbin harafi 80, tana kwafe abin da ya bayyana. Illarta, da zarar an gusar da gurbi ɗaya a allon, lissafi ya rikice. Akwai kuma jerin gwanon saƙonni, irin MQSeries na 1993. A yau an fi karkata ga buɗe ƙofa bisa tsarin REST, wanda Roy Fielding ya sharhanta a 2000, da sharaɗin a tantance mai tambaya kafin a ba shi amsa, domin dukiyar mutane amana ce.