Ƙwayoyin Sankarar Ƙoda: Aikinsu da Illolinsu

Idan sankarar ƙoda ta bazu har tiyata ta kasa wadatarwa, likitoci kan koma ga ƙwayoyi irin su sunitinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, da pazopanib, a 2009. Aikinsu toshe saƙon da ƙari ke aikawa domin tsiro da sababbin jijiyoyin jini masu ciyar da shi. Suna rage masa gudu, amma da wuya su kawar da shi. Akan sha sunitinib mako huɗu, a huta mako biyu.

Illolinsu sun haɗa da hawan jini, gudawa, kasala, gyambon baki da furfura. Pazopanib kuma yakan taɓa hanta. Wadda ta fi takura manomin Bichi ko Ɗambatta ita ce raɗaɗi da bororo a tafin hannu da na ƙafa, domin gugar ƙotar fartanya da doguwar tafiyar ƙasa suna tsananta su. Man shafawa da takalmi mai taushi kan sassauta.

Majinyacin da ya koma ƙauye daga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya lizimci awon hawan jini a asibiti mafi kusa, kada kuma ya haɗa maganin da jiƙo ko ya daina sha ba da sanin likita ba.