Kalmomi Nawa Ne Za Su Ishi Mai Koyon Ingilishi? Waiwaye a Kan Ogden da West

Duk malamin harshe ya san ɗalibin da ya cika littafinsa da jerin kalmomi, ya haddace su tsaf, amma da zarar an ce ya tambayi hanyar tasha ko ya yi ciniki da harshen, sai bakinsa ya mutu. Wannan matsala ba yau ta fara ba. Daga wajen 1920 zuwa 1960 wasu masana sun duƙufa a kan tambaya guda: kalmomi nawa ne, kuma waɗanne ne, za su ishi baƙon harshen Ingilishi ya biya buƙatunsa na yau da kullum? Amsoshinsu su ne tushen yawancin littattafan karatu da ƙamusoshin ɗalibai da ke hannunmu a yau. Wannan rubutu zai waiwayi mutum biyu daga cikinsu, domin saɓanin da ya shiga tsakaninsu darasi ne ga mai koyon kowane harshe, har da Hausa.

Ogden da kalmomi 850

Charles Kay Ogden masanin falsafar harshe ne da ya yi karatu a Jami'ar Cambridge ta Ingila. A shekarar 1930 ya wallafa tsarin da ya kira Basic English, inda ya tace Ingilishi ya bar kalmomi 850 kacal, waɗanda za su shiga shafi ɗaya na takarda. Daga ciki 600 sunaye ne, 150 sifofi ne, sauran 100 kuwa kalmomi ne na ɗaure jimla. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne aikatau 18 kawai ya bari, irin su come, go, get, give, make, put da take. A ganinsa, sauran aikatau duk ana iya maye gurbinsu ta hanyar haɗa waɗannan da wasu kalmomi. Maimakon disembark sai a ce get off a ship, maimakon ask sai a ce put a question.

Burin Ogden babba ne: yana so wannan taƙaitaccen Ingilishi ya zama harshen da al'ummomin duniya za su riƙa sadarwa da shi. Abokin aikinsa I. A. Richards ya kai tsarin ƙasar Sin a shekarun 1930. A watan Satumba na 1943 Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya yabe shi a jawabin da ya yi a Jami'ar Harvard, kuma a 1947 gwamnatin Birtaniya ta sayi haƙƙin mallakarsa. Duk da wannan goyon baya, tsarin bai yi saiwa a makarantu ba.

Ɗalibin Hausa zai fi kowa saurin gane dalili. A ɗauki aikatau ci. A jerin kalmomi guri ɗaya zai cinye, amma wanda ya san cin tuwo bai zama lalle ya san cin amana, cin bashi, cin jarrabawa, cin kasuwa ko cin fuska ba. Haka sha yake a shan iska, shan kaye da shan alwashi. Ingilishi ma haka get da put suke: kowannensu na ɗauke da ma'anoni barkatai gwargwadon kalmar da ta biyo shi. Saboda haka kalmomin Ogden 850 ne a ƙirge, amma ma'anonin da ɗalibi zai koya dubbai ne. An rage nauyin a ido, an mayar da shi cikin buhu. Bayan wannan, wanda ya ƙware a tsarin yana iya furta abin da ke ransa, sai dai wanda zai ba shi amsa a titin Landan ba da kalmomi 850 zai yi magana ba.

West da yaran Bengal

Michael West ya tunkari lamarin daga cikin aji. Ya isa Bengal ta Indiya a 1912, ya kuma shugabanci kwalejin horon malamai ta Dhaka, birnin da a yau shi ne fadar gwamnatin Bangladesh. A can ya lura cewa yawancin yara suna barin makaranta tun kafin Ingilishin da aka koya musu ya amfane su da komai. Sai ya aro wani tunani daga harkar inshora, wato abin da mutum zai karɓa idan ya janye kafin wa'adi ya cika. Tambayarsa ita ce: idan yaro ya bar makaranta bayan shekara biyu, me zai tafi da shi gida? A littafinsa na 1926 mai suna Bilingualism ya nuna cewa iya karatu shi ne guzurin da ya fi saurin samuwa, wanda kuma yaro zai iya ci gaba da haɓaka shi ko babu malami.

Da ya bincika littattafan da ake ba yaran, sai ya tarar an cika su da baƙin kalmomi na adabi, suna zuwa birjik a kowane layi. Ya sake rubuta su a jerin da aka sani da New Method Readers, bisa ƙa'idoji biyu. Ta farko, a cire kalmar da ba a cika amfani da ita ba, a sa wadda ta fi yawo a bakin mutane. Ta biyu, a tsawaita labarin yadda sabuwar kalma za ta zo jefi-jefi a tsakiyar sanannu, sannan a maimaita ta har ta zauna. Kowane littafi tsani ne zuwa na gaba, ƙarshen hawan kuwa shi ne cikakken Ingilishi.

A 1934 West da wasu abokan aikinsa suka wallafa suka a kan tsarin Ogden, shi kuma ya mayar da martani mai zafi a shekarar da ta biyo. A wannan tsakanin ne gidauniyar Carnegie ta tara masana a New York a 1934 da Landan a 1935, ciki har da West, da Harold Palmer wanda ya daɗe yana koyarwa a Japan, da Edward Thorndike na Amurka wanda tun 1921 ya ƙidaya yawan fitowar kalmomi a rubuce-rubuce. Rahotonsu na 1936 shi ne West ya faɗaɗa ya zama General Service List a 1953, mai kalmomi kusan 2,000. Fifikon wannan jeri shi ne bai tsaya ga kalma kaɗai ba, ya nuna wace ma'anarta ce ta fi yawan fitowa, domin malami ya san wadda zai fara koyarwa. Wato ya ƙirga nauyin da Ogden ya ɓoye.

Abin da ya biyo baya

Tunanin bai tsaya a littafi ba. A watan Oktoba na 1959 Muryar Amurka ta fara watsa labarai da Ingilishi na musamman, mai kalmomi kusan 1,500, da gajerun jimloli, ana kuma karantawa a hankali. A 1978 kamfanin Longman ya fitar da ƙamus na ɗalibai wanda aka bayyana ma'anonin da ke cikinsa da kalmomi kusan 2,000. Faransawa ma sun yi irin wannan aiki ga harshensu a shekarun 1950 ƙarƙashin Georges Gougenheim, suka naɗi hirarrakin mutane suka ƙidaya. A nan suka gano wani giɓi: kalmomi irin su cokali ba sa yawan fitowa a hira, amma ranar da aka buƙace su babu madadinsu. Ashe ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, sai an duba rayuwar mai koyon.

Binciken baya-bayan nan ya nuna iyakar jerin West. Kalmomi 2,000 da suka fi yawo suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na gama-gari. Amma Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko ƙagaggen labari ba tare da jingina da ƙamus ba yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000.

Kammalawa

Ɗalibin da ke Maraɗi, Garwa ko Kumasi yana fama da Ingilishi, da wanda ke koyon Hausa a matsayin baƙon harshe, hanyarsu ɗaya ce. Ya fara da kalmomin da suka fi yawo, ya bi kowace har cikin ma'anoninta, ya haddace ta tare da abokan tafiyarta a jimla. Ya ƙara da kalmomin sana'arsa da na gidansu, ko da ba sa cikin jerin kowa. Ya nemi abin karatu da abin saurare da ya fahimci kusan dukkansa, ya yawaita su. Idan littafin da ke hannunsa yana tura shi ƙamus sau goma a shafi ɗaya, ya ajiye shi ya ɗauki wanda ya fi sauƙi, zai dawo gare shi nan gaba. Da rarrafe yaro kan tashi.