Tarihin Wasan Ƙaga wa Kalma Ma'ana a Turanci

Wasa ne da masu jin Turanci ke yi da ƙamus: a zaɓo kalmar da kusan ba wanda ya taɓa ji, kowa ya ƙaga mata ma'ana, a cakuɗa da ta gaskiya, sannan a ga wanda zai tsamo sahihiyar. Masu ba da tarihinsa kan haɗa rassa biyu wuri guda, alhali ɗaya barkwanci yake nema, ɗaya kuwa yaudara.

A rubuce, reshen barkwanci ne babba. Ɗan jaridar Amurka Ambrose Bierce ya shekara da shekaru yana ba kalmomi ma'anonin shaguɓe a jaridun San Faransisko. An tattara su littafi a 1906, aka faɗaɗa shi a 1911 da sunan The Devil's Dictionary. Sai dai kalmominsa sanannu ne, kuma shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa, don haka kiransa mafarin wasan kuskure ne.

Reshen yaudara ya samu gindin zama a 1965. Tashar NBC ta Amurka ta fara shirin Call My Bluff, wanda bai kai ƙarshen shekarar ba. BBC ta ɗauke shi a watan Oktoba, ya kuwa karɓi Ingila har 1988. Rukuni biyu ne, mutum uku-uku. Akan ciro baƙuwar kalma daga babban ƙamusun Oxford, mutum uku na ɓangare ɗaya kowa ya kawo ma'anarsa da hujjoji, biyu ƙarya ɗaya gaskiya, abokan hamayya su zaɓa. Robert Robinson ya riƙe alƙalanci tun daga 1967. Mashahuran jagororin rukunonin biyu su ne Frank Muir da Patrick Campbell, wanda in'inarsa ta zama gishirin shirin. Da Campbell ya rasu a 1980, Arthur Marshall ya gaje shi. Gwanintar ita ce a faɗi ƙarya fuska a ɗaure, a faɗi gaskiya kamar ƙarya.

A 1984 Laura Robinson da Paul Toyne suka mayar da wasan na kwali a Kanada, da sunan Balderdash, inda ake cin maki a kan duk wanda ƙaryarka ta ruɗa. A reshen barkwanci kuwa, shekara guda kafin nan Douglas Adams da John Lloyd sun fitar da littafin The Meaning of Liff, suka ari sunayen garuruwa suka laƙaba wa abubuwan da Turanci bai yi wa suna ba.

BBC ta farfaɗo da shirinta na Call My Bluff a 1996, ya ci gaba har 2005.