Helios-44: Gilashin da Ya Fi Ƙasarsa Tsawon Rai

Cikin tsofaffin idanun kyamara da ake juyawa da hannu, babu wanda tarihinsa ya fi ja mini hankali kamar Helios-44. An san shi da na Tarayyar Sobiyet, amma asalinsa Jamus ne. Kamfanin Carl Zeiss na birnin Jena shi ya ƙera Biotar mai milimita 58 tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare a 1945, Jena ta faɗa ɓangaren Sobiyet, aka kwashi injuna da zane-zane har da ƙwararru zuwa gabas a matsayin diyya. Zuwa 1958 masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta soma fitar da kwafinsa. Aka yi ta buga shi miliyoyi, ana ɗaura shi a kan kyamarar Zenit, ya zama na kowa da kowa.

Sai zamani ya juya masa baya. Minolta ta fito da kyamara mai saita kanta a 1985, Tarayyar ta ruguje a 1991, dijital ta ture fim. Helios ya koma akwati yana tara ƙura.

Abin da ya fito da shi lissafi ne na milimita. Tsohuwar kyamara tana da madubi a ciki, don haka an tsara Helios ya zauna kusan milimita 45 da rabi daga fim. Da Panasonic ta kawo Lumix G1 marar madubi a 2008, wannan tazara ta ragu. A kyamarorin Sony milimita 18 ce kacal. Gurbin da ya saura, zoben ƙarfe mai arha ya isa ya cike shi, ba waya ba gilashi a cikinsa. Fitowar Sony A7 a 2013, mai sensa daidai girman fim na da, ita ta kammala aikin. Ga kuma allon da ke zuƙo hoto ya haskaka gefen abin da ya fito tsaf, aikin da a da sai ido mai kaifi.

Ni abin da ke ba ni dariya shi ne, aibinsa ake saye. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya, bayan hoto yakan murɗe kamar guguwa, gefe ya yi laushi, hasken rana ya wanke launi. Injiniyoyi sun shafe shekaru suna yaƙar waɗannan, yau har masu fim na Amurka sun yi amfani da shi a The Batman na 2022, kuma farashinsa ya tashi.

Ina amfani da shi, amma ba na yarda da masu cewa ya fi na zamani. Mai ɗaukar biki da ya dogara da shi, amarya za ta wuce yana nan yana juya zobe. Wurinsa hoton mutum a zaune, da yamma, ganye a baya.