Kifin Bahar Kasfiyan da Ƙwansa Mai Tsada

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki Ya zuba a ruwa, da wuya a sami wanda ƙwansa ya jawo masa halaka kamar kifin da Turawa ke kira sitajin, wanda mafi shaharar jinsunansa ke zaune a Bahar Kasfiyan, tsakanin Rasha da ƙasar Farisa. Halittarsa abar al'ajabi ce, domin ba shi da haƙori, bakinsa yana ƙarƙashin kai, da gashin baki huɗu da yake laluben abinci da su cikin laka, ƙashinsa galibi guringuntsi ne, jikinsa kuwa an jera masa sahu biyar na ƙasusuwa masu faɗi kamar sulken mayaƙi. Babbansu shi ne beluga, wanda a shekarar 1827 aka kama wata macensa a bakin kogin Bolga mai nauyin kilo 1,571. Yakan kai shekara ɗari a duniya, amma macen ba ta fara ƙwai sai ta shekara 15 ko fiye, sa'an nan ta baro teku ta haura kogi ta zuba, kuma ba kowace shekara take yi ba. Wannan jinkiri shi ne asalin duk abin da ya same shi daga baya.

Tun da Sarki Iban na Huɗu ya ci birnin Astarakan daga hannun Tatar Musulmi a 1556, bakin Bolga ya koma mulkin Rasha, da shi da masuntansa. Ƙwan nan da ake barbaɗa wa gishiri, wanda ake kira kabiya, da farko abincin masu azumi ne, saboda Kiristocin ƙasar suna da kwanaki masu yawa da ba sa cin nama. Sannu a hankali ya hau teburin sarakuna, daga nan attajiran Turai suka ɗanɗana, farashinsa ya tashi.

Amma abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda al'amarin ya kasance a gaɓar kudu. Mu mabiya mazhabar Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ba mu da wata shubuha game da abin da ke rayuwa cikin ruwa, halal ne baki ɗaya. Fuƙaha'un Shi'a kuwa sun sharɗanta cewa kifi ba ya halatta sai yana da kamɓori, kuma da yake ba a ganin kamɓori a jikin sitajin, sai suka hukunta shi da ƙwansa haramun ne. Saboda haka dukiyar da ke ƙofar gidan Farisawa ta faɗa hannun baƙi: da farko iyalin Liyanozob, 'yan kasuwa daga Rasha, suka karɓi izinin su daga sarakunan ƙasar, daga 1927 kuma aka kafa kamfanin tarayya da Sobiyet na tsawon shekara 25, wanda firayim minista Musaddaƙ ya ƙi sabunta yarjejeniyarsa, sana'ar ta koma hannun gwamnati a 1953. Bayan juyin juya hali na 1979 mas'alar ta sake tasowa, domin bai kamata daular da ke da'awar bin shari'a ta yi cinikin haram ba, alhali kuɗin da ke shigowa ba kaɗan ba ne. Aka sa malamai da masana kifi suka yi bincike, suka iske lalle akwai kamɓori a wajen wutsiya, Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar halacci a 1983. Ko buƙata ce ta kaifafa idon masu binciken, wannan sai mai karatu ya auna da kansa. Amma dai kamɓorin yana nan, ba ƙirƙirarsa aka yi ba.

A arewa kuwa musibar ta zo ta hanyar gini. Madatsar ruwan da aka gama a kan kogin Bolga a Istalingirad a 1961 ta tare wa beluga hanya zuwa mafi yawan wuraren da take zuba ƙwai, sai hukumar Sobiyet ta koma ga ilimin da masanin Rasha Obsiyannikob ya fara a 1869, wato haɗa ƙwai da maniyyin kifin da hannu, ta gina gidajen ƙyanƙyasa tana sakin 'ya'yan kifi miliyoyi cikin kogi. Da daular ta rushe a 1991, tsaro ya tafi, masunta marasa albashi suka shiga su na sata ba dare ba rana, suna farke cikin uwa tun ba ta maye gurbinta ba. A 1998 aka sa dukan jinsunan ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta CITES mai ƙayyade cinikin dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, Amurka kuma ta hana shigo da ƙwan beluga a 2005.

Yau kusan duk kabiyar da ake sayarwa bisa doka daga kifin kiwo take fitowa, kuma Sin ce kan gaba, musamman a tafkin Ciyandawo, sai Italiya da Faransa, har da Madagaska a tafkin Mantasowa. Sana'a ce ta mai dogon jari, gama yana ciyarwa shekaru kafin ma ya bambance mace da namiji, abin da galibi da na'urar duba ciki irin ta asibiti ake ganewa, sa'an nan ya sayar da mazan don nama, ya ci gaba da ciyar da matan shekara bakwai zuwa goma, ko fiye idan beluga ce, kafin ya ga ƙwayar riba.