Yaɗuwar gansakuka mai guba a tafkuna da gaɓar teku: dalilai da hanyoyin magancewa

Gansakuka ƙananan halittu ne da ke rayuwa cikin ruwa, kuma yawancinsu ba su da illa. A Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna tsamo wani nau'insu daga tafkunan kanwa suna busar da shi, wato dihe, don yin miya. Matsala tana tasowa ne idan wasu nau'o'in suka hayayyafa fiye da kima suka rufe fuskar ruwa.

Babban abin da ke jawo haka shi ne sinadaran fosfaras da naitirojin, waɗanda ruwan sama ke kwasowa daga takin zamani, kashin dabbobi da ƙazantar birane. Zafi da tsayuwar ruwa suna ƙara rura abin. Idan gansakukar ta mutu ta ruɓe, sai iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare. Wasu nau'o'in kuma suna fitar da guba mai lalata hanta, wadda tafasa ruwa ba ya kawar da ita.

A shekarar 2007 gansakuka ta mamaye tafkin Taihu na ƙasar Sin, inda kimanin mutum miliyan 2 a birnin Wuxi suka rasa ruwan famfo. A watan Agustan 2014 an hana mutum fiye da 400,000 a yankin Toledo na Amurka shan ruwan da ake jawowa daga tafkin Erie. A 2020 hukumomin Botswana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da irin wannan guba.

Magani mai ɗorewa shi ne tare sinadaran tun daga tushe. Suwizalan ta haramta sa fosfat a sabulun wanki a 1986, kuma wannan, tare da tace ruwan ƙazanta, ya taimaka wajen farfaɗo da tafkin Leman. A 2016 Amurka da Kanada sun amince da rage fosfaras ɗin da ke shiga Erie da kashi 40 cikin ɗari. Manoma na taimakawa ta hanyar sa taki daidai buƙata da barin ciyawa a bakin rafi.

Akwai kuma matakan gaggawa. Koriya ta Kudu na watsa laka a teku don ta nutsar da gansakukar, Faransa kuwa na kwashe ta daga gaɓar Biritaniyar Faransa. Masana lafiya na shawartar makiyaya da masunta su nisanci ruwan da ya koma kore shar ko yake wari, kada a sha, kada a shayar da dabbobi.