Tarihin Ƙasar Gallabat Ta Jihar Gadarif: Yanayinta, Jama'arta Da Tsarin Mulkinta

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga birnin Gadarif ya nufi kudu maso gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 155 zai iske wani ɗan gari a gindin tsaunukan Habasha. Sunan garin Gallabat. Wata ƙorama ce kawai ta raba shi da garin Matamma na ƙasar Habasha, gada guda ta haɗa su. Daga wannan gari ne ƙasar da ke kewaye da shi ta samo suna. Abin da ya sa ta cancanci nazarin ɗalibin tarihin Hausawa shi ne, matafiya aikin hajji daga yamma su ne suka kafa ta, kuma har yau akwai Hausawa masu yawa a ƙauyukanta. Wannan muƙala za ta dubi yadda ƙasar da baƙi suka raya ta riƙa sauya masu mulki, da yadda sauyin ya shafi matsayin baƙin da jikokinsu.

Yanayin Ƙasa

Jihar Gadarif tana gabashin Sudan, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 75,000 da 'yan kai. Arewacinta filin Butana ne, ƙasar makiyaya mai ƙarancin ruwa. Idan aka gangaro kudu sai damina ta ƙara nauyi, har a yankin Gallabat ruwan shekara yakan kai milimita 700 zuwa 900, daga watan Yuni zuwa Oktoba. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai riƙe ruwa, da rani ta tsattsage, da damina ta yi danƙo har ta hana mota wucewa. Kogin Atbara, wanda ya sauko daga tsaunukan Habasha, yana ratsa gabashin yankin, kogin Rahad kuma yana yammacinsa.

Wannan laka ita ce arzikin ƙasar. Ana noma dawa da riɗi da gero, ana kuma tsintar ƙaro a dazuzzuka. Sai dai ita ce kuma mazaunin wani ɗan ƙwaro mai cizo da dare, wanda yake sheƙa a tsagar ƙasa da gindin aduwa da dushe. Shi yake yaɗa cutar kala-azar mai kumbura saifa, wadda ta daɗe tana addabar ƙauyukan bakin Atbara da Rahad.

Kafuwar Gari Da Mulkin Shaihunan Takari

A ƙarni na 18 wasu mahajjata, waɗanda akasarinsu daga Darfur suka fito, suka ga wurin ya dace da zango a hanyarsu ta zuwa Makka da dawowa. Suka nemi izinin Sarkin Habasha, suka zauna. Mutanen Sudan suna kiran irin waɗannan baƙi na yamma Takarir, kalmar da Hausawa suka mayar Takari. Sannu a hankali mutanen Wadai da Barno da ƙasar Hausa suka riƙa iske su. Matafiyin nan ɗan ƙasar Sikotlan, James Bruce, ya ratsa yankin a 1772, lokacin ana kiran ƙasar Ras al-Fil.

Kasuwa ce ta ɗaukaka garin. Fataken Habasha suna sauko da gahawa da kakin zuma da alfadarai, suna sayen auduga da gishiri da tufafi. Akwai kuma cinikin bayi, wanda ya kasance babban ɓangare na kasuwar a ƙarni na 19. Mulkin gari yana hannun shaihin Takarir, shi yake karɓar kuɗin fito, shi yake sulhu tsakanin fatake. Bayan sojojin Muhammadu Ali na Masar sun rusa daular Sinnar a 1821, sai garin ya samu kansa tsakanin manya biyu. Baturen Ingila Samuel Baker, da ya je can a 1862, ya iske Shaihu Juma'a yana mulki. Dabarar shaihunan ita ce su kai gaisuwa ga Turkawan Masar, su kuma kai ga sarakunan Habasha, domin kowa ya bar musu kasuwarsu. Da haka ƙaramar ƙasa ta riƙe kanta shekaru masu yawa.

Yaƙin 1889

Zamanin Mahadi ya kawo ƙarshen wannan zama. A 1885 aka kwashe sojojin Masar da ke Gallabat ta hanyar Habasha, Ansar suka karɓi garin suka mayar da shi sansanin yaƙi. Ranar 9 ga Maris 1889, Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya auka wa ganuwar garin da runduna mai yawa, Zaki Tamal yana jagorancin Ansar. Habashawa sun kusa cin nasara sai harsashi ya sami sarkinsu, ya mutu washegari, rundunarsa ta watse. A wannan lokaci ne kuma aka yi babbar yunwar da mutanen Sudan suke kira Sanat Sitta, wato ta shekarar Hijira 1306. Yaƙi da yunwa suka bar ƙauyuka kufai. Da rundunar Ingila da Masar ta kama Gadarif a watan Satumba na 1898, ta isa Gallabat kafin ƙarshen shekarar, ƙasa mai albarka ta tarar, amma babu isassun hannuwan noma.

Iyaka Da Zuwan Hausawa

A 1902 Sarki Menelik na Biyu da Ingila suka ƙulla yarjejeniyar iyaka, a 1903 kuma wani hafsan Ingila mai suna Gwynn ya bi yana kafa alamomi. Ƙoramar nan ta zama iyakar ƙasa da ƙasa, kasuwa ɗaya ta rabu gida biyu. Habasha ta daɗe tana ƙorafi kan aikin Gwynn, wannan ne tushen rikicin gonakin Fashaƙa da ke arewacin Gallabat, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2020.

A shekarar ta 1903 ne aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga nan hanya ta buɗe. Mahajjata masu tafiya a ƙasa suka riƙa yada zango shekara da shekaru suna neman guzuri, wasu suka wuce Makka, wasu suka zauna. Turawan mulkin Sudan, da yake suna neman manoma, suka bar su suka kafa ƙauyuka a bakin kogunan Rahad da Atbara. Hausawa suka shahara da noman lambu da su da ƙananan sana'o'in kasuwa.

Ƙidayar 2008 ta nuna mutanen jihar Gadarif sun kai kimanin miliyan 1.35. A kudancinta ana samun Masalit da Fur da Hausawa da Fulani da Barebari, tare da ƙabilun Larabawa da Bani Amir. Ga kuma 'yan ƙodagon Habasha masu tsallakowa lokacin yankan riɗi, da 'yan gudun hijirar Tigrai da aka sauke a sansanin Um Rakuba kusa da Doka tun watan Nuwamba na 2020.

Tsarin Mulki

Turawa sun yi mulkin karkara ta hannun sarakunan gargajiya, kamar yadda suka yi a Arewacin Nijeriya. A sama akwai nazir, ƙarƙashinsa umda, sannan shaihin ƙauye, kwatankwacin sarki da hakimi da dagaci. Kudancin Gadarif ya shiga hannun nazirin Dar Bakar, gidan da asalinsa daga Darfur ne. Shaihunan Hausawa suna riƙe da ƙauyukansu, amma ikon rabon ƙasa yana hannun nazir. A 1951 aka kafa majalisun ƙananan hukumomi. Shugaba Numairi ya zo ya yi doka a 1970 cewa duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, a 1971 kuma ya soke mulkin gargajiya, ko da yake daga baya an dawo da shi da ragaggen iko.

Dokar ta 1970 ta zo daidai da bunƙasar noman tarakta, wanda aka fara a Gadambaliya cikin shekarun 1940. Gwamnati ta riƙa yanka gonaki masu fadan 1,000 zuwa 1,500 tana ba 'yan kasuwar birni haya. Ƙaramin manomi da kakansa ya sare dajin ba shi da takarda, makiyayi kuma ya iske an nome burtali.

A 1994 Gadarif ta zama jiha mai cin gashin kanta. Yanzu tana da ƙananan hukumomi 12, kowace ana kiranta mahalliyya. Daga cikin waɗanda aka fitar daga tsohuwar ƙasar Gallabat akwai Gallabat ta Gabas mai hedikwata a Doka, Gallabat ta Yamma, da Basunda, inda garin Gallabat kansa yake. A zamanin Al-Bashir shugaban mahalliyya shi ne mu'utamad, kuma gwamna ne yake naɗa shi. An ɗora wa mahalliyya nauyin makarantun firamare da ƙananan asibitoci da ruwan sha da kasuwanni, alhali kuɗin kwastan na gadar iyaka na gwamnatin tarayya ne.

Kammalawa

Batun da ya fi taɓa Hausawa shi ne na zama ɗan ƙasa. Dokar 1948, da ta 1957 bayan samun 'yanci, sun ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa suke ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Duk wanda ya zo bayan Burmi ke nan ya faɗa waje, ko da an haifi 'ya'yansa a bakin Atbara. Dokar 1994 ta matso da wa'adin zuwa 1 ga Janairu 1956, amma kallon baƙo bai gushe ba. An ga haka a watan Yuli na 2022, lokacin da neman masarautar Hausawa a jihar Bulu Nayil ya haifar da zubar da jini, Hausawan Gadarif suka fito zanga-zanga. Tambayar da tarihin Gallabat ya bar wa ɗalibi ita ce: shekara nawa mutum zai yi yana noma ƙasa kafin hukuma ta yarda tasa ce?